Na Cire wa Jitata Ƙugi

Na yi shekaru ina kaɗa jita a wuraren biki ban taɓa ganin fuskar amarya ko ɗaya ba. Kada wani ya ce kunya ce ko tsoron Allah ne ya yi mini yawa. Jitar ce ke da ƙugi. Da zarar an tada janareta, na soka wayarta a amfilifaya, sai lasifika ta ɗauki wani gurnani mai kauri, wuuu, ba hutu ba numfashi, kamar an toshe ƙudan zuma a cikin tulu. In na juya gabas ya ƙaru, in na juya yamma ya ƙaru, sai in yi ta juyawa a hankali har in sami kusurwa ɗaya da yake raguwa. Kuma don tsiya, duk filin da muka je, kusurwar nan ba ta taɓa kallon jama'a. Ko dai katangar gidan biki, ko turken awaki, ko bayan motar da ta kawo mana kaya.

Bai tsaya nan ba. Baba mai kalangu, wanda shi ne dattijon ƙungiyarmu, ya lura cewa in na cire takalmi na taka ƙasa mai danshi, ƙugin yana ƙara lafawa. Daga ranar ya ɗora wa kansa aiki. Ko'ina muka sauka, kafin ya ɗaure kalangunsa sai ya nemi buta ya tsiyaya ruwa a inda zan tsaya. Ni kuma in tuɓe takalmi, in naɗe ƙafar wando, in shiga caɓi in juya wa duniya baya. Wani lokaci tsirkiya ta ɗan ja ni a yatsa, in cije in ci gaba. A wani biki a Magami wata tsohuwa ta zagayo ta leƙa fuskata, ta tambaye ni da tausayi ko laifi na yi aka sa ni kallon bango. Na yi dariya a lokacin, amma abin ya ci ni ƙwarai.

Ƙungiyar ta Maigida ce. Haka muke kiransa, kuma ya cancanci sunan, domin janareta nasa ne, amfilifaya da lasifika nasa ne, motar ma shi ke ɗaukar hayarta. Ni jitata kawai na mallaka. Mawaƙi ne na gaske, wannan ko yau da muke ɓace ba zan hana shi ba. Daga Gusau zuwa Bungudu zuwa Tsafe, in ana biki ko suna ana son a ji daɗi, shi ake nema. Yana da doka ɗaya da ba a takawa: babu mai taɓa abin kiɗa sai ya buɗe baki. Zai miƙe, ya gyara babbar riga, ya ɗora hannu a kunne, ya lumshe ido ya yi shiru kaɗan, sannan ya ɗaga murya shi kaɗai. Sai 'yan amshi su karɓa, Baba ya shigo, ni in biyo baya. Kullum muryar a wuri ɗaya take sauka, ba ta hawa ba ta gangarawa, har ba na buƙatar sake ɗaure tsirkiya. Yana alfahari da haka matuƙa. Yakan ce, "Ni ba a ba ni murya. Makaɗa ka bina, ba ni ka bin makaɗa ba."

Ƙugin jitata kuwa ya mayar da shi abin ba'a. Sunan da ya raɗa mini shi ne mai amya, wato mai gidan ƙudan zuma. Ko a tsakiyar waƙa, in ya ga jama'a sun yi sanyi, sai ya nuna bayana ya ce a gaida mai amya, ya kawo ma amarya zuma. A fashe da dariya, a yi masa liƙi, ni ina can ina kallon awaki. Da rana gyaran wayar salula nake yi a wata 'yar rumfa a Gusau, mutane suna ba ni wayoyinsu da girmamawa, suna ce mini Malam. Da la'asar kuma sai in zama abin dariya, ƙafa cikin laka.

Abin ya kai maƙura ne bayan wani biki a Damba. Dangin ango sun ɗauki bidiyo, da suka je kallo sai suka ji ƙugin ya fi waƙar fitowa. Suka kira Maigida suka yi masa ƙorafi. Shi kuma ya tako har rumfata, ya tsaya a bakin ƙofa ko zama bai yi ba, a gaban masu jiran gyara.

"Kai mai amya, na gaji," in ji shi. "Muna da babban biki Bungudu ƙarshen wata. In abin ga naka yas sake yi mani kuka, mai fiyano za ni ɗauka. Ka ji na hwaɗa maka."

Na ce, "Na ji, ranka shi daɗe."

Na ji ɗin kuwa. Wurin nan shi ne kaɗai inda nake kiɗa a gaban mutane, kuma a garinmu ƙungiyoyin da ke ajiye mai jita ba su da yawa, kowa ya koma fiyano. In na rasa shi, sai dai in riƙa kaɗa wa matata da kaji. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zuciya. Na ce wallahi sai na tsaya a Bungudu da takalmina, ina kallon mutane suna kallona.

Na shiga bincike a waya, ina kallon yadda masu gyaran jita ke yi. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jita ta lantarki akwai wasu 'yan sanduna, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, su ke ɗaukar motsin tsirkiya su kai wa amfilifaya. Fikof ake ce musu. Nawa masu naɗi ɗaya ne, kuma irin waɗannan ba su da zaɓi, duk abin da ke yawo a iska na lantarki kwasa suke yi, har da numfashin janareta. Akwai kuma masu naɗi biyu, tagwaye, ɗaya an naɗe shi dama ɗaya hagu, sai ƙugin da wannan ya kwaso wancan ya kashe shi, kiɗan kaɗai ya wuce. Da na gane haka na yi zaune ina jin haushi. Ashe duk caɓin nan da na sha, maganinsa bai fi tafin hannuna girma ba.

Na sa wani mai sayar da kayan kiɗa a Kano ya aiko mini da guda biyu ta hannun direba. Na karɓo a tasha, na dawo rumfa na kwance sukurorin fuskar jitar, na ɗaga. A nan na ga matsala. Tagwayen sun fi ramin da ke jikin katakon faɗi, ko da tsiya ba za su shiga ba. Sai an sassaƙe.

Mutum ɗaya na yarda ya sa wa jitata ƙarfe, Kawuna da ke Tsafe, ƙanin mahaifiyata. Masassaƙi ne, turmi da taɓarya da ƙotar fartanya yake yi. Na kama hanya da sassafe don in dawo da sauran rana, tunda hanyar nan ba a son yin yamma a kanta. Damina ce, dawa ta rufe gonaki, dutsen Kwatarkwashi ya yi kore har wuya. Na rungume jitar a cinya kamar mai kai mara lafiya asibiti.

Na tarar da Kawu a gindin bishiyarsa yana fafe turmi. Bayan gaisuwa na kwance zanen da na naɗe ta da shi. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta da ɗan yatsa, ya shinshina.

"Wanga itace na banza na," in ji shi. "Mi kaka so in yi mata?"

Na nuna masa ramin, na ɗora sabon fikof a kai, na zana iyaka da biro.

"In nis sa mata gizago ba a maidawa, ka sani ko?"

"Na sani, Kawu."

"Maigidan naka ya san da wanga aiki?"

"Jitar tawa ce, Kawu, ba tashi ba."

Ya dube ni ta ƙasan ido ya ce taurin kan nan na uwata ne, ya gane shi. Bai sa gizago ba ma, 'yar ƙaramar wuƙar sassaƙa ya ɗauko, ya riƙa cire itacen kaɗan-kaɗan yana hurewa. Duk ɓarin da ya faɗi sai in ji kamar a jikina. Yana aiki yana yi mini tsiya, wai duk zuriyarmu manoma da masassaƙa, ni kaɗai na zaɓi in yi ta tsakurar waya ana biyana da dariya. Da ya gama na gwada, suka zauna daram. Matarsa ta ba ni fura na sha, na juyo Gusau kafin la'asar.

Sauran aikin nawa ne, kuma a nan babu mai koya mini, domin liƙi da dalma shi ne abincina. Na shimfiɗa wa cikin ramin takardar azurfa, irin ta cikin kwalin shayi, don ta tare abin da ke shigowa ta gefe. Na cire tsofaffin, na jefa su a aljihun tebur. Na liƙe wayoyin sababbin ɗaya bayan ɗaya, na mayar da fuska, na ɗaure tsirkiyoyi. Na aro 'yar amfilifaya wurin maƙwabcina mai sayar da rediyo, na sa ya tada janaretansa, na soka waya.

Shiru. Na ce shi ke nan na kashe ta. Na ƙara murɗa sauti har ƙarshe, shiru dai. Sai na kai babban yatsa na taɓa tsirkiyar sama. Wani sauti ya fito mai kauri, mai zaƙi, ya cika rumfar ya fita titi, har mai shayin tsallake ya ɗago kai. Na juya gabas, na juya yamma, na matsa kusa da janaretan har hayaƙinsa na dukana. Ko ƙis. Na yi murna irin wadda ban yi ba tun ranar da aka haifa mini 'yar fari, kuma ban gaya wa kowa a ƙungiya ba. Na kai takalmina aka goge shi.

Bikin Bungudu babba ne kamar yadda Maigida ya faɗa. An kafa rumfuna a fili, mata sun cika gefe ɗaya da anko, maza a ɗaya gefen, 'yan babur sun yi layi a bakin hanya suna kallo. Bayan sallar la'asar muka jera kaya. Baba ya taho da butarsa kamar kullum, ya fara neman inda zai zuba.

Na ce, "Baba, bar ruwanka. Yau nan za ni tsayawa."

"Nan ina? Gaban mutane? Kai, kada ka jawo muna abin magana."

Na ce ya dai saurara. Aka tada janareta, na soka waya, na murɗa sauti. Na tsaya ƙyam da takalmina ina kallon rumfar mata. Ga amarya can a tsakiya, 'yar siririya, tana ta gyara mayafi. Maigida ya waiwayo ya ce, "Kai, ba ka kunna ba?" Na ja tsirkiya ɗaya a hankali don ya ji, na kashe ta da tafin hannu. Ya ce, "Tau, madalla," ya juya.

Ya miƙe, ya gyara riga, ya ɗora hannu a kunne, ya lumshe ido. Muka jira. Shirun da ya saba yi ɗan kaɗan ne, amma ranar ya yi tsawo har mutane suka fara kallon juna. Na ga ya karkata kai wajen lasifika, ya sake karkatawa. Can ya ɗaga murya, sai ta tafi sama, can ƙololuwa inda bai taɓa farawa ba. 'Yan amshi suka yi ƙoƙarin kamowa, muryar ɗayansu ta tsage. Ya ɗaga hannu aka tsaya, ya yi tari, ya ce ruwa. Ya sha, ya sake farawa. Wannan karon ta faɗi ƙasa, kamar mai magana cikin rijiya. Baba ya yi ta matsa kalangu yana saki yana neman inda zai same shi.

Na ji tausayinsa, Allah ya sani. Na taɓa tsirkiyar da na san a kanta yake sauka kullum, a hankali, don ya kama. Ya juyo ya watsa mini wani kallo da ya sa na ɗauke hannu. Haka muka lallaɓa, ina canza wurin yatsu ina binsa duk inda ya faɗa. An yi rawa, an yi liƙi, amma duk wanda ya san Maigida ya san ba shi ba ne ya yi waƙa ranar.

A tsakanin waƙa da waƙa Baba ya matso kusa da ni, yana yi kamar yana gyara tsirkiyar kalangu, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka san mi kac cire? Kukan nan shi na shika saurare in ya sa hannu ga kunne. Bisa gare shi shika aza murya."

Sai a lokacin na gane. Janareta ɗaya, amfilifaya ɗaya, jita ɗaya, ƙugi ɗaya da ba ya canzawa. Shi ya sa muryar ba ta taɓa kuskure ba. Na tabbata shi kansa bai sani ba sai ranar. Mutumin da ke bugun ƙirji ba a ba shi murya, ashe shekara da shekaru jitata ke ba shi, yana karɓa yana zaginta.

Da aka tashi, ana naɗe wayoyi, ya kira ni bayan mota. Fuskarsa ta yi baƙi, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Mi kay yi ma abin ga?"

"Gyara nay yi, ranka shi daɗe. Kai kac ce ba ka son kuka."

"Maida shi yadda shike."

Na yi tsammanin ban ji daidai ba. Na ce, "In maida ƙugin?"

"Sautin ga bai yi mani ba. Ya cika nauyi. Maida tsohon."

Ba zai faɗi gaskiyar ba, ni ma ban so in tona shi ba. Na kwantar da murya na ce, "Maigida, ga shawara. Kahin ka hwara, in taɓa maka tsirkiya guda a hankali, babu mai lura. Ka ɗauka daga nan, shi ke nan."

Kamar na mare shi. "Ni za ka ba murya? Kai? Gaban mutane?"

A nan zuciyata ta tashi, kuma ban yi nadamar tashinta ba. Na ce, "Ka yarda janareta shi ba ka, ba ka yarda ni in ba ka ba? Ka hi son in koma cikin caɓi in juya ma mutane baya, kana kirana mai amya ana dariya?"

"Ko ka maida, ko ka nemi wani wuri."

"Ba ni maidawa."

Na saɓa jitata a kafaɗa na nufi bakin titi. Ban shiga motarsu ba. Na sami wata mai zuwa Gusau da sauran wuri ɗaya a baya, na matsu tsakanin wani mai buhun barkono da taga, ina ta atishawa har gida. Raina a ɓace yake, amma ko sau ɗaya ban ji a zuciyata cewa in koma in ba da haƙuri ba.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya zo rumfata. Ya zauna a benci ya yi ta zagaye-zagaye, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, sannan ya zo kan magana. Ya ce in yi haƙuri, babba babba ne, mutumin nan muryarsa ce kaɗai jarinsa, kuma tsoro ya kama shi. Ya ce shi zai ci gaba da zuba mini ruwa da hannunsa, ba ya gajiya. Na buɗe aljihun tebur na nuna masa tsofaffin, suna nan lafiyarsu lau, aikin mayarwa ba zai ɗauke ni wuni ɗaya ba. Na ce, "Baba, ba wai ba ni iyawa ba na. Ba ni so." Ya dube su, ya ce Allah ya kyauta, ya tashi. Na raka shi har bakin titi, domin shi bai taɓa yi mini dariya ba.

Damina ta wuce ban yi kiɗa a gaban kowa ba. Wata ranar Asabar da la'asar na kai wa wani waya a Damba, ina dawowa sai kunnena ya tsinko wani abu daga bayan layi. Wuuu. Ko cikin barci na ji shi zan gane shi. Na bi sautin har na fito wani fili da ake bikin suna. Ga Maigida a tsaye, ga 'yan amshi, ga Baba, ga wani mai fiyano ya naɗe hannu yana jira. A gefe kuma ga amfilifayar da nake amfani da ita a da, a kunne, an soka mata waya, ɗaya bakin wayar yana yashe a kan tabarma ba a haɗa shi da komai ba. Ita ce ke ƙugin.

Maigida ya ɗora hannu a kunne, ya lumshe ido, ya ɗaga murya. Ta sauka daidai inda take sauka. Waƙar ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba, har tsigar jikina ta tashi. Kuma ta yi mini ciwo fiye da duk ba'ar da ya taɓa yi mini, domin a nan na ga abin da nake a wurinsa tun farko. Da ya buɗe ido ya hango ni a cikin 'yan kallo. Bai fasa waƙa ba, sai ya nuna mini wayar da ke ƙasa da haɓarsa, alamar wurina na nan in ina so. Na zuba hannuwana a aljihu na girgiza kai, na juya na koma rumfata.

Na ji an ce har yau da wayar nan yake yawo, an ma sama mata jaka. Ta dace da shi, ba ta cin abinci, ba ta mayar da magana. Jitata kuwa tana rataye a rumfa, sama da teburin gyara. In kasuwa ta lafa nakan sauko da ita in soka a 'yar amfilifayar da na saya daga baya, mai shayi da 'yan babur su taru a bakin ƙofa. Ba su da yawa, ba kuma sa liƙi. Nakan kunna ta in bar ta a cinyata muna hira, janaretan maƙwabci na ta ruri a gefe, ita kuwa ba ta cewa uffan sai na taɓa ta.